Tambaya da Amsa: Wace ƙaramar kwamfuta ta hannu ta dace da sabar gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tsohuwar laftof ɗina na mayar saba a gida, tana ajiye hotunan iyali, bidiyon bukukuwa da lissafin shago. Yanzu ta yi nauyi, batirinta kuma ya kumbura. Ina neman ƙaramar kwamfuta ta hannu, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita, da za ta kwana ta wuni a kan inbata. Wacce zan saya? Daga mai karatu a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara cire batirin nan yau, domin wanda ya kumbura yana iya kamawa da wuta.

Abin da ya dace da kai shi ne ƙananan kwamfutocin ofis: Lenovo ThinkCentre M720q, Dell OptiPlex 3060 ko 7060 Micro, ko HP EliteDesk 800 G4 Mini. Sunan kamfani bai kai firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, muhimmanci ba. Nemi i5-8500T. Harafin T na nufin mai ƙarancin cin wuta, wat 35, kuma ƙwayoyin aikinta shida ne, alhali i5-6500T da ta cika kasuwa huɗu gare ta. Idan ba ta cikin aiki mai nauyi, wajen wat 10 take ja, wato kusan wat-awa 240 a kwana guda. Batirin inbata mai 12V 100Ah yana ba da kusan 600 idan ba a sha fiye da rabinsa ba, ka ga ba za ta dame shi ba.

Ramukan RAM biyu ne, irin na laftof, DDR4. Sa 16GB, ya ishe ka. A ciki akwai gurbin ƙaramin faifai mai sauri, M.2 NVMe, nan za ka ɗora manhajar tafiyar da kwamfuta, Ubuntu Server ko Debian, a kan faifai mai 256GB, sai gurbin faifai mai inci 2.5 domin ajiya. Duba ko mazaunin faifan da wayarsa suna nan, ana yawan kawo su babu.

Inda aka fi cutuwa shi ne caja. Ta Dell da HP 19.5V ce, ta Lenovo 20V mai baki murabba'i, kuma 65W ake bukata, ban da OptiPlex 7060 Micro da ke zuwa da caja mai 90W. Cajar Dell tana da siririn tsinke a tsakiyar bakinta, ta nan kwamfutar ke gane ta. Idan jabu ce ko tsinken ya karye, kwamfutar za ta kunnu lafiya lau, amma sai ta rage gudun firosesa ƙwarai, zuwa wajen 800MHz, ka yi ta zargin na'urar alhali laifin caja ne. Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, tun a shago: idan ta nuna ƙarfin da ke rubuce a jikin cajar, to, idan ta ce ba ta san cajar ba, a canza maka. Kana nan kuma ka tabbatar babu kalmar sirri a BIOS ɗin. In akwai kuma mai shago bai san ta ba, bar masa kayansa. Faifan da ta zo da shi a duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo.

Da ka isa gida, a BIOS ka saita ta kunna kanta idan wuta ta dawo. Dell na kiransa AC Recovery, Lenovo kuma After Power Loss. Saitin yana gogewa idan ƙaramin batirin CR2032 ya mutu, saboda haka sa sabo tun yanzu, musamman in ka ga agogonta na ɓata.

Ƙurar hunturu tana toshe fankarta, zafin Afrilu da Mayu kuma ya ƙarasa ta. Buɗe ta, sukuru ɗaya ne a baya, ka kaɗe ƙura duk wata uku, ka sauya man rage zafi da ke kan firosesa tunda ya yi shekara da shekaru. Kada a sa ta cikin durowa ko a lulluɓe ta da zani.

Hotunan iyali kuwa, kada su zauna a faifai ɗaya. Sayi na waje mai USB, ka riƙa kwafa duk mako, ka cire shi ka ajiye a wani ɗakin.