Amsa ga mai tambaya kan kuɗin tallafin mai

Malam, ka tambaya me ya sa tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kason kuɗin da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru, amma talaka bai gani a ƙasa ba. A ganina, an fara da cire abin da talaka ke jingina da shi kafin a gina masa madadi. Wata guda bai cika ba aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta, sai kuɗin mota da na taki suka tashi tare.

Dubi manomin dankalin Turawa na Bokkos ko Mangu a jihar Filato. Ya sayi taki da tsada, ya ɗauko buhunansa ta hanya mai ramuka zuwa kasuwar Farin Gada da ke Jos, kuma ba shi da wurin ajiya mai sanyi. Dankali ba ya jira, don haka duk farashin da dillali ya faɗa, shi ne. Na ga wani dattijo zaune kan buhunsa da la'asar yana tsince waɗanda suka fara ruɓewa, wallahi abin ya tsaya min a rai. Wannan mutumin, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafe shi ba, domin ba ma'aikaci ba ne.

Sai kuma rashin ɗorewa. Babbar kasuwar Taminus da ke Jos ta ƙone tun 2002, gwamnatoci suka yi ta zuwa da alkawarin sake gina ta, 'yan kasuwa kuwa suka shekara fiye da ashirin suna kasa kaya a bakin titi. Ni dai da za a tambaye ni, hanyoyin karkara da rumbunan ajiya zan fara sa wa kuɗin nan, sannan tsaro, don manomi ya iya zuwa gonarsa.