Ɗana ya ce sai karate, ba ya son judo

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 11 ya dage sai karate. Na kai shi wurin masu judo a Samaru, ya ce sam, wai sunan ma ba shi da kwarjini. Anya suna ne ke jan yara haka? Daga wani uba a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Alhaji. Yaronku ya daɗe yana jin karate da kung fu a finafinan Chana tun kafin ya taka tabarmar atisaye, ita kuwa judo bai taɓa ganin jarumin fim yana yin ta ba.

Waɗanda suka kafa wasannin nan sun san darajar suna. Da Jigoro Kano ya buɗe makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, sunan jujutsu, tsohon salon faɗan Japanawa, ya riga ya zube a idon mutane, sai ya kira tsarinsa judo, wato hanyar sassauci, domin iyaye da makarantu su karɓa. Karate ta fito ne daga tsibirin Okinawa, kuma a shekarun 1930 aka sauya rubutun sunanta daga "hannun Sin" zuwa "hannu ba makami" don Japanawa su rungume ta. Mu ma nan haka ne: uban da zai hana ɗansa zuwa gidan dambe, da an ce masa boksin sai ya sassauta, alhali duk naushi ne.

Abin da ke damuna shi ne yaro ya shiga saboda suna, wata biyu ya gudu. A karate zai shafe makonni yana maimaita tsayuwa da naushi a iska, ba tsalle-tsallen fim ba. Judo kuwa 'yar'uwar kokawarmu ce: a cafki riga, a kayar da mutum, kuma darasin farko shi ne yadda za ka faɗi ba ka ji ciwo ba. Idan harbi da ƙafa yake so, taekwondo ce tasa, wadda Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a cikinta a Olamfik na Beijing a 2008.

Ku kai shi ya zauna ya kalli atisayen kowanne, ku kuma ku sa ido kan kocin. Ku duba ko yana haɗa yara daidai da nauyinsu, ko akwai tabarma mai kauri a ƙasa, da yadda yake yi wa ƙaramin da ya kasa. Idan bayan kallon ya ce har yanzu karate, ku bar shi ya shiga.