Na haddace dokokin intigiral, amma amsata ba ta fita daidai

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta jami'a. Na haddace dokokin intigireshan (wato fitar da intigiral a lissafin kalkulas) tsaf, amma a gwajin da muka yi an soke mini kusan rabin aikina. Misali, an ba mu ∫ x/(x+3) dx, na raba shi ya zama 1 + x/3, na samu x + x²/6 + C. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗiyata, kalkulas ɗinki lafiyarsa ƙalau. Intigiral ɗin 1 + x/3 shi ne abin da kika rubuta, babu gardama. Sai dai ba shi aka tambaye ki ba. Tun a layi na biyu kika sauya tambayar da wata, kuma aljabara ce ta yi miki wannan ɓarnar.

Lambar sama ake rabawa, ba ta ƙasa ba. Idan aka ce (x+3)/x, kina da damar ki mai da shi 1 + 3/x. Amma x/(x+3) ba ya rabuwa haka. Kada ki yarda da ni, ki gwada: sa x ya zama 1. Na asalin ya ba ki 1/4, naki kuwa ya haura 1. Hanyar da ta dace ita ce ki rubuta lambar sama a matsayin (x+3) − 3, sai abin ya koma 1 − 3/(x+3), amsa ta fito x − 3 ln|x+3| + C.

Wannan gwaji da lamba shi nake so ki riƙe, domin yana kama dangin kuskuren gaba ɗaya. Idan ina duba takardu, abin da ya fi cin jan birona shi ne √(x²+9) da ake mayarwa x + 3. Sa 4 a gurbin x: na farko 5, na biyu 7. Haka (x+2)² da ake rubutawa x² + 4, a bar 4x a hanya. Na fahimci abin da ke jan hannun ɗalibi: sigar da ya ƙirƙira ta fi sauƙin warwarewa. To, duk lokacin da tambaya mai wuya ta zama ruwan sanyi a layi ɗaya, ki tsaya ki sa lamba. Ki dai guji 0, don yakan rufa wa kuskure asiri. A √(x²+9) ɗin nan, 0 zai ba ki 3 ta kowane ɓangare.

Sai batun fawa, wato 'yar lambar da ake rubutawa a saman x. 1/(3x²) shi ne (1/3)x⁻², domin x² kaɗai ke hawa sama, 3 tana nan a ƙasa. Da yawa sukan kwashe su duka su rubuta 3x⁻². Waɗanda suka tsallake wannan kuma sai su faɗi a gaba: an ce a ƙara 1 a kan fawa, su rubuta −3. Ai −2 a tara da 1, −1 ne. Amsar ita ce −1/(3x) + C.

Akwai wanda ya fi ba ni takaici, saboda yakan zo ne bayan an gama aiki mai kyau. Ɗauki intigiral ɗin 2x − 5 daga 1 zuwa 3. An samu x² − 5x. Wanda ya sa baka zai rubuta (9 − 15) − (1 − 5), ya samu −2. Mai gaggawa zai rubuta 9 − 15 − 1 − 5, ya tashi da −12. Alamar ɗebewa ta hau kan duk abin da ke cikin baka ta biyu, ba kan lambar farko kaɗai ba. Rubuta baka ba ya cin lokaci.

Ninkawa ma tana da nata tarko. Alamar ∫ da Bajamushen masanin lissafin nan Laibiniz ya fara amfani da ita a 1675 doguwar S ce, mai nufin jimla, kuma intigiral yana rabuwa a kan tarawa da ɗebewa. A kan ninkawa ba ya yi. ∫ x·x dx shi ne x³/3 + C, ba x²/2 sau x²/2 ba, wanda zai ba da x⁴/4. Ki fara buɗe baka ki ninka, ko ki nemi wata dabarar.

Za a ce miki ki yi difaranshiyeshan ɗin amsarki, wato kishiyar intigireshan, don tabbatarwa. Shawara ce mai kyau, amma ki lura da abin da za ki kwatanta. Da kin yi wa amsarki haka, 1 + x/3 za ki samu, ki ga ya yi daidai da layinki na biyu, ki saki jiki. Da tambayar da ke kan takardar jarrabawa za ki auna, wato x/(x+3).

Kafin gwaji na gaba, ɗauko takardar da aka soke miki, ki bi kowace tambaya layi bayan layi kina sa x ya zama 2, har ki kai layin da lambar ta sauya. Ki rubuta irin kuskuren a gefe. Idan iri ɗaya ne ke ta maimaituwa, ki koma littafin aljabara na sakandare ki yi atisayen wannan babin kaɗai.