Tambayi Likita: Ƙaiƙayin gwaza, kainuwa da tsakuwar ƙoda

Tambaya: Likita, yarona ya gutsiri ɗanyen gwaza, sai ya fasa kuka yana sosa baki, leɓensa har ya kumbura. Guba ce? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A cikin ganyen gwaza da saiwarsa akwai ƙananan duwatsu na sinadarin kalshiyam okzalet, sirara masu tsini kamar allura, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Da su shukar ke kare kanta daga ƙwari da dabbobi. Da zarar an tauna shi ɗanye sai su caki harshe da maƙogwaro, shi ne zafin da yaron ya ji. Ki kurkure masa baki, ki ba shi madara ko nono mai sanyi. Yawanci cikin 'yan sa'o'i abin ke lafawa. Amma idan harshensa ya kumbura, muryarsa ta shaƙe, ko numfashi na yi masa wuya, a garzaya asibiti nan take, kada a tsaya jiƙa magani a gida. Gwaza kuwa a dafa shi ya nuna sosai, a zubar da ruwan dahuwar.

Tambaya: An ce in jiƙa kainuwa in riƙa sha saboda basir. (Wani magidanci daga Haɗeja)

Amsa: Malam, ban goyi bayan wannan ba ko kaɗan. Kainuwa dangin gwaza ce, ganyenta cike yake da irin waɗannan duwatsu. Sannan tana zuƙe dalma da sauran dattin da ke cikin kududdufi. Shiga ruwa don tsinko ta ma kan jawo tsargiya. Ka je a duba basir ɗin a asibiti.

Tambaya: An taɓa cire mini tsakuwa a ƙoda. In daina cin alayyahu? (Wata malamar makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Malama, yawancin tsakuwar ƙoda daga sinadarin kalshiyam okzalet take, kuma alayyahu na da shi da yawa. Ki rage, ki riƙa tafasa shi kina tsiyaye ruwan. Kada ki guji nono da madara: kalshiyam ɗinsu na kama okzalet tun a hanji, ya fita ta bayan gida. Ki rage gishiri da dunƙulen miya, ki sha ruwa kamar lita 3 a rana, musamman da bazara, har fitsarinki ya yi fari.