Amsa: An bugi motata ta baya a Houston, inshorar mai laifin ba ta isa ba

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce kuɗin asibitin wuyanka ya kai dala 55,000, kamfanin inshorar wanda ya buge ka kuma ya tsaya a 30,000. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da dokar Texas ta wajabta a kan mutum ɗaya, don haka ba za su ƙara ko sisi ba.

Duba takardar inshorarka. A Texas dole kamfani ya sa maka kariyar da ake kira UIM, mai cike giɓin idan inshorar mai laifi ba ta isa ba, sai dai in ka ƙi ta a rubuce. Amma kar ka sa hannu ka karɓi 30,000 ɗin nan kafin kamfaninka ya amince a rubuce, in ba haka ba su fake da wannan su hana ka.

Kuma kar ka ɗauka don naka ne zai tausaya maka. Cewa za su yi motar ko lotsewar kirki ba ta yi ba, ko ciwon tsoho ne. Tun hukuncin da Kotun Ƙolin Texas ta yanke a shari'ar Brainard a 2006, suna iya jan ƙafa har sai kotu ta yanke adadin. Tattara hoton MRI da rahoton likita, ka nemi lauya. Shekara 2 kawai gare ka ka kai direban ƙara.