Amsa: Ko jam'iyya tana buƙatar aƙida?

Malam, ka tambaya ko aƙida tana da wani amfani ga jam'iyya a ƙasar da dimokuraɗiyya ba ta zauna da gindinta ba, tunda talaka abinci da tsaro yake nema. A ganina, aƙida ce ke sanar da mai zaɓe yadda jam'iyya za ta sarrafa dukiyar ƙasa idan ta hau mulki, wa za ta ɗora wa haraji, wa kuma za ta tallafa wa. Idan babu ita, ƙabila da addini da aljihun ubangida ne ke cike gurbin.

Sai dai ba a ƙaƙaba aƙida daga sama. A 1989 gwamnatin Babangida ta ƙirƙiri jam'iyyun SDP da NRC a Najeriya, ta rubuta musu manufofi, amma da Abacha ya rusa su a 1993, sai suka watse. Jam'iyyar NEPU kuwa, wadda aka kafa a 1950, ta tsiro ne daga koken talakawa kan zaluncin hukumar En'e, wato hukumar mulkin sarakuna ta zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma magoya bayanta sun jure ɗauri da bulala saboda ita. Magajiyarta PRP, ƙarƙashin Malam Aminu Kano, ta lashe kujerun gwamna a Kano da Kaduna a 1979.