Kaluluwar da Ta Ƙi Sacewa: Tambaya a Kan Limfoma

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena mai shekara 24 yana da kumburi a gefen wuya wata uku ke nan, ba ya masa ciwo, amma ya rame kuma yana jiƙa zanin gado da zufa cikin dare. An ba shi maganin tarin fuka bai ga sauƙi ba, yanzu kuma likitoci sun ce suna zargin limfoma, za su yanki wurin su auna. Mahaifiyarmu ta ƙi yarda, ta ce idan ƙarfe ya taɓa ciwon daji bazuwa yake yi. Mene ne wannan ciwo, kuma me za mu yi? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Limfoma ciwon daji ne da ke tasowa daga wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki daga cututtuka, waɗanda suke taruwa a ƙananan ƙulle-ƙullen da ke wuya da hammata da matsematsi da cikin ƙirji da ciki, da kuma saifa da ɓargo. Waɗannan ƙulle-ƙulle su ne suke kumbura mu ce mutum ya yi kaluluwa idan ya ji rauni a ƙafa ko haƙori ya ruɓe. Irin wannan kaluluwa tana da zafi kuma tana sacewa cikin mako biyu ko uku. Ta limfoma kuwa galibi ba ta ciwo, tana da tauri kamar roba idan an latsa ta, kuma girma take yi a hankali. Idan ta haɗu da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da zufar dare, da rama ba gaira ba dalili, wani lokaci har da ƙaiƙayin jiki, dole likita ya yi zargin da aka yi wa ƙanenki.

Matsalar ita ce tarin fuka da ya kama kaluluwar wuya yana zuwa da waɗannan alamomi kusan sak, kuma ya fi limfoma yawa a ƙasarmu, shi ya sa sau da yawa ake fara ba da maganinsa. Gwajin jini ko hoto kaɗai ba ya raba gardama. Sai an ciro kaluluwar, ko wani yanki nata, an duba ta a madubin likita, sannan a san ciwon da nau'insa.

Nau'in yana da muhimmanci ƙwarai, domin magani ya bambanta. Akwai na Hodgkin, wanda wani likitan Ingila mai suna Thomas Hodgkin ya bayyana a 1832, kuma ya fi kama matasa masu shekaru irin na ƙanenki. Sauran, waɗanda suka fi yawa, ana haɗa su a rukunin da ba na Hodgkin ba. A cikinsu akwai wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yara da sauri a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, ciki har da namu. Masu ɗauke da cutar ƙanjamau sun fi shiga haɗarin limfoma, don haka kada ku ji nauyi idan aka nemi yi masa wannan gwaji. Shi limfoma kuwa ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Tsoron Hajiya na fahimce shi, domin mutane da yawa sun ga wanda aka yi wa aiki ya rasu bayan ɗan lokaci, alhali jinkirin zuwa asibiti ne ya ci shi. Ku faɗa mata cewa ciro kaluluwa ƙaramin aiki ne, sau da yawa allurar kashe zafi kawai ake yi a wurin, kuma ba ya baza limfoma. Maganin ciwon ma ba tiyata ba ce, ruwan maganin daji ne da ake sa wa ta jijiya zagaye-zagaye na tsawon watanni, wani lokaci a haɗa da gasa wurin da hasken na'ura. Limfoma, musamman na Hodgkin, yana cikin cututtukan dajin da aka fi samun warkewa daga gare su, ko da ya kai mataki na 3 ko na 4, muddin an kammala magani.

Kafin ranar gwaji, kada a kai shi wurin wanzami a yi masa tsaga ko sakiya, kuma kada a sayi ƙwayar prednisolone a kemis, domin tana iya sacar da kumburin na ɗan lokaci ta ɓata sakamakon gwajin. Ku nemi takardar turawa zuwa sashen cututtukan jini na asibitin koyarwa, kamar na Sakkwato ko na Shika a Zariya ko na Malam Aminu Kano, ku tafi da duk takardun gwaje-gwajen baya da katin maganin tarin fukar da ya sha.